Yadda ake haɗa ƙullun kifi mai danƙo, da sinadaran da ke gyara shi

Ƙullun kifi tsoka ce zalla, babu ƙaya babu fata, wadda aka niƙa, aka wanke, aka kirɓa da gishiri har ta kama jikinta. Da shi ake yin curin kifi na miya da na suya, da sosej, da abin zubawa a samosa. Mutanen Jafan ne suka fi shahara da shi, suna ce masa surimi, kuma wajen 1960 ne masu bincike a Hokkaido suka gano cewa sukari na kare shi daga lalacewa a firiza, abin da ya mai da shi babbar sana'a. Ga mai kiwon tarwada a Samaru ko Shika, a yankin Zariya, da kifi ya isa sayarwa amma kasuwa ta ja baya, wannan hanya ce ta fita.

Kukan masu fara yi iri ɗaya ne: curi ya wargaje a tukunya, ko ya dahu ya zama ɓurɓushi, ko ya kwana a firji ya tsatsafo da ruwa, ko ƙarni ya hana a ci. Kowace matsala tana da sinadarin da ke maganinta, amma sai an auna shi daidai, an zuba shi a lokacinsa, kuma kifin yana cikin sanyi tun daga farko.

Kayan aiki

Sikelin kicin mai lamba da ke auna giram ɗaya. Idan an samu ƙaramin nan mai auna ƙasa da giram, ya fi. Ma'aunin zafi na girki mai tsinke. Wuƙa mai kaifi, katakon yanka, babban cokali. Injin niƙa nama ko injin kicin mai faffaɗar wuƙa. In babu, turmi da taɓarya. Roba biyu, babba da ƙarama. Ƙyallen tata sabo, wanda bai taɓa ganin koko ba. Kula cike da ƙanƙara: daskararren fiya wata kamar leda 15 zai ishi aikin kilo ɗaya. Tukunya biyu.

Abin da ake zubawa a kilo 1 na wankakkiyar tsoka

- Gishiri mai laushi: giram 20 zuwa 25
- Fosfet na abinci (sinadarin da ke sa tsoka ta riƙe ruwa), mai lamba E451: giram 2 zuwa 3
- Farin ƙwai guda 2, wato kusan giram 60
- Sitacin rogo ko na masara: giram 50 zuwa 80
- Dakakkiyar ƙanƙara: giram 100 zuwa 150
- Sukari giram 10, farin magi giram 2 zuwa 3
- Garin tafarnuwa, masoro, busasshiyar citta da barkono: duka kada su wuce giram 15
- Man gyaɗa giram 20, ga mai so
- Bekin soda kaɗan, domin ruwan wanki

A yi hattara wurin sayen fosfet. Ana rubuta masa STPP a jikin buhu, kuma da wannan sunan masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa suke sayar da nasu. Na sabulu ba a tace shi don ci ba, kada ya shiga bakin mutum. A nemi na abinci, cikin rufaffiyar leda mai suna da lamba da ranar ƙarewa. Haka sitaci: na guga daban, na ci daban.

1. Zaɓen kifi

Karfasa ce ta fi ba da ƙullu fari mai danƙo. Tarwada ma tana yi, sai dai kitsenta da jan namanta suna neman ƙarin wanki. Ko daga kandami ne ko daga hannun masuntan kogin Galma, a sayi mai rai, ko wanda bai wuce 'yan sa'o'i da kamawa ba, a zuba shi cikin ƙanƙara nan take. Wanda zai je kasuwar Sabon Gari ya tafi da kularsa da sassafe. Kilo 4 na kifi shi ke ba da wajen kilo 1 na wankakkiyar tsoka.

Tarwadar kandami mai warin laka, a bar ta da rai cikin ruwa mai tsabta kwana 2 zuwa 3 ba abinci, ana sauya ruwan kullum. Warin a kitsenta yake, kuma kayan ƙamshi ba sa ɓoye shi.

Kifin ƙanƙara irin su titus da kote da fanla ba sa ba da danƙo sosai, domin doguwar daskarewa ta riga ta raunana furotin ɗinsu, ga kuma mai a jikin titus. In dole ne, a haɗa kashi ɗaya nasu da kashi biyu na sabon kifi.

2. Gyara da fitar da tsoka

A nan ne al'adar kicin ɗinmu take ɓata aiki. An saba zuba wa tarwada ruwan zafi don cire yauƙi, a kuma matse lemon tsami a kan tsoka don kashe ƙarni. Ga miya daidai ne, amma ga ƙullu duka biyun ɓarna ce. Ruwan zafi yana dafa tsokar da ke ƙarƙashin fata, dafaffiyar tsoka kuwa ba ta sake kamawa. Tsami kuma yana sa furotin ya takure ya saki ruwansa. A goge yauƙi da gishiri mai tsakuwa tun kifin yana ɗungurungum, a ɗauraye da ruwan sanyi.

A cire kai, a farke ciki a hankali kada maɗaciya ta fashe. Baƙin jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya da baƙar fatar cikin karfasa, a kankare su tas. Su ne uwar ƙarni, su ne kuma ke baƙanta ƙullu. A zare tsokar gefe biyu, a kwantar da ita fata a ƙasa, a yi ta kankarowa da cokali daga wutsiya zuwa kai. Tsoka za ta taho, fata da jijiya su tsaya a katako. Duk abin da aka kankaro ya faɗa ƙaramar roba da ke zaune cikin babba mai ƙanƙara.

3. Niƙa

Sau ɗaya ya isa, da farantin inji mai ƙananan huda. In da wuƙa ne, a daddatsa har ya yi laushi. Kada a kai injin markaɗen unguwa: yana ɗumama tsoka, kuma ragowar tattasai da wake na ciki.

4. Wanki

Wankin nan shi ne bambancin ƙullu na sana'a da dakakken kifi. Yana fitar da jini da kitse da wani furotin mai narkewa a ruwa wanda ke hana danƙo, ya bar wanda ake nema.

A kowane kilo na tsoka a zuba lita 3 na ruwan ƙanƙara, wanda bai kai digiri 10 ba. A juya a hankali minti 3 zuwa 5, a bari ya kwanta minti 5, a tsiyaye kitsen da ya taso, a tace da ƙyalle. Ruwan farko zai fito ja-ja mai kumfa, na ƙarshe ya kusa yin garau. Karfasa sau 2, tarwada sau 3. Fiye da haka asarar nauyi ce da ta ɗanɗano.

Sinadari biyu ke aiki a nan. Ga tarwada da duk kifi mai kitse, a narka bekin soda giram 2 a kowace lita ta wankin farko. Yana rage tsamin tsoka, yana taimaka wa kitse ya rabu. Bekin soda aka ce, ba bekin hoda na cincin ba, domin shi akwai tsami a haɗinsa. Kanwa ma takan yi irin aikin, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga ƙasa a ciki, gara a bar ta. A wankin ƙarshe kuma a sa gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita. Tsokar da aka wanke da ruwa zalla takan kumbura ta ƙi matsuwa, ɗan gishirin nan ne ke sa ta saki ruwa.

Ruwan rijiya mai ɗanɗanon ƙarfe ko mai barin fari a gindin buta bai dace ba. A yi da fiya wata, ko ruwan da aka tafasa aka tace aka sanyaya.

Sai matsa. A ƙulle ƙyallen a murɗa sosai, ko a ɗora masa wankakken dutse minti 10 a cikin kula. Alamar ya yi: a damƙi tsokar da ƙarfi, tafin hannu ya jiƙe amma ruwa bai ɗiga ta tsakanin yatsu ba. Yanzu ne za a auna nauyinta, kuma a kan wannan nauyin ake lissafa duk sinadaran, ba a kan nauyin kifin da aka sayo ba.

5. In ajiyewa za a yi ɗanye

Wanda zai dafa a ranar ya tsallake zuwa mataki na 6. Wanda zai daskarar, kada ya ƙara gishiri ko kaɗan bayan na ruwan wanki, don gishiri yana hanzarta lalacewar furotin a firiza. A kilo ɗaya a cuɗa sukari giram 40, da sobitol giram 40, da fosfet giram 2 zuwa 3. Wannan ne ma'aunin da masana'antu suka daɗe a kai. Sobitol, mai lamba E420, yana aikin sukari amma zaƙinsa bai kai na sukari ba. In ba a samu ba, a tsaya a sukari giram 40 zuwa 50, a kuma yi amfani da ƙullun da wuri. A shimfiɗa shi fale-fale cikin leda, kaurin bai wuce yatsa biyu ba, a fitar da iska, a rubuta kwanan wata. Yana son sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kada ya wuce wata ɗaya, kuma wanda ya narke ba ya komawa firiza. Ranar amfani a narkar da shi cikin firji, sannan kada a ƙara masa sukari da fosfet a mataki na gaba.

6. Kirɓi, da jerin zuba sinadarai

Duk danƙon ƙullu daga furotin ɗaya yake, sunansa mayosin. Gishiri ne ke narkar da shi ya fito daga cikin tsoka, in ya ji wuta ya sarƙe ya riƙe ruwa. Zafin da ya zo kafin lokaci kuwa kashe shi yake. Don haka ƙullu ya zauna ƙasa da digiri 10 a duk tsawon kirɓi. In ya taɓa 15, a tsaya a mai da shi kula. A watan Maris da Afrilu, da zafin Zariya ke haura digiri 35 da rana, aikin na bayan sallar asuba ne. Da hunturu an fi samun sauƙi. Mai turmi ya cika shi da ƙanƙara minti 15 kafin ya fara, ya zubar ya goge.

Da farko a kirɓa tsokar ita kaɗai minti 1 zuwa 2. Sai a narka fosfet a cokali biyu na ruwan sanyi a zuba, a bi da gishiri da kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar. A ci gaba, minti 4 zuwa 5 a inji ana tsayawa ana duba zafi, ko minti 15 zuwa 20 a turmi. Za a ga canji da ido: abin da yake warwatse zai haɗe, ya yi sheƙi, ya riƙa manne wa taɓarya yana jan zare. A ɗebo da cokali a kife. In bai faɗo ba, ya yi.

Gishiri ƙasa da giram 15 ba ya fitar da mayosin yadda ya kamata, sama da 30 kuma ba ya ciwuwa. Fosfet aikinsa ya sassauta zaruruwan tsoka su riƙe ruwa, shi ya sa curi ba ya ƙanƙancewa a wuta kuma ba ya zubar da ruwa a firji. Giram 3 ya wadatar. Da ya kai 5 za a ji ɗanɗanon sabulu a harshe, kuma yawansa ba alheri ba ne ga masu ciwon ƙoda. Ba a auna shi da ido. In babu shi, bekin soda giram 1 zuwa 2 zai ɗan rufa asiri.

Bayan danƙo ya kama ne farin ƙwai ke shiga. Yana ƙara tauri da haske, sannan yana danne sinadaran da ke cikin tsokar kifi masu narkar da furotin idan ta ɗumama. Kada kwanduwa ta bi shi, kitsenta na sassauta ƙullu.

Sai sitaci, a dama shi da ragowar ƙanƙarar da ta fara narkewa a zuba. Wannan wurin ne aka fi yin kuskure, ta hanya biyu. Wasu suna zuba shi tare da gishiri tun farko, ya shiga tsakani ya tsotse ruwa kafin mayosin ya fito. Wasu kuma suna labta shi don auki. Daga giram 100 zuwa sama, kifi ya ɓace, abin da ya rage tuwon sitaci ne mai ƙamshin kifi, kuma mai saye ba ya dawowa. Na rogo yana ba da danƙo mai taushi, ya kuma fi jure firji. Na masara, wato kwanfulawa, ya fi tauri, amma yana ƙara sandarewa in ya kwana biyu a sanyi. Fulawar alkama ita ce ta ƙarshe a zaɓi, tana dusashe launi tana sa nauyi.

Kayan ɗanɗano da mai su ne na ƙarshe, minti ɗaya kawai. A guji ɗanyar citta da yawa, don tana da sinadarin da ke tausasa nama, kuma yadda take tausasa tsire haka za ta tsinka danƙon ƙullu. Ɗanyar albasa ruwa take saki. A soya ta sama-sama ta huce tukuna. In akwai titus a haɗin, rabin giram na garin bitamin C na abinci, E300, yana jinkirta warin tsohon mai. Kada a wuce haka, shi ma tsami ne.

7. Curawa da kwantarwa

Da zarar gishiri ya shiga, ƙullu ya fara kamawa, saboda haka a cura shi cikin rabin sa'a. A jiƙa hannu da ruwan sanyi, a damƙi ƙullu a matso shi ta tsakanin babban yatsa da manuni, a yanke da cokali. Curi na giram 20, bai kai na fura ba.

A riƙa jefawa cikin ruwa mai ɗumin digiri 40, a bar su minti 20 zuwa 30. A wannan ɗumin furotin yana sarƙewa a hankali, kuma yawanci nan ne ake samun danƙon da ke turo haƙori. In babu ma'auni, kofi 1 na tafasasshen ruwa a kofi 5 na ruwan randa yana kaiwa kusa. Da hunturu, 1 a 3. Kada a wuce minti 30, ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so ke nan.

8. Dahuwa

Tsakanin digiri 50 da 70 ne sinadaran nan masu narkar da furotin suke kan ganiyarsu. Curin da ya daɗe a wannan zafin zai fito lugub, ko da an yi komai daidai a baya. Shi ya sa ba a ɗora tukunyar digiri 40 a wuta a ce ta yi zafi a hankali. Tukunya ta biyu ta kasance a shirye a digiri 90, wato ƙananan kumfa na tasowa daga gindi amma ruwa bai fara tsalle ba. A kwashe curi a zuba kai tsaye, kaɗan-kaɗan don kada ruwan ya huce. Tafasa mai ƙarfi tana fasa su tana huda cikinsu.

Curi na giram 20 yana son minti 10 zuwa 15, sosej mai kauri minti 25 zuwa 30. Tasowa sama ba ita ce shaidar dahuwa ba. A soka ma'auni a tsakiyar mafi girma, ya nuna 75 ko sama. Daga nan sai ruwan ƙanƙara mai tsabta minti 10, a tsane, a sa a firji.

9. Gwaji

A yanko faifai mai kaurin milimita 3, kamar an jera katin ATM huɗu. A ninka shi biyu, a sake ninkawa. In bai tsage ba, aiki ya yi kyau ƙwarai. In ya jure ninki ɗaya ya tsage a na biyu, za a iya sayarwa. In ya karye tun a na farko, a koma baya a duba: ko kifin ya kwana, ko ƙullu ya ɗumama, ko gishiri ya yi kaɗan, ko an daɗe tsakanin tukunya biyu. Wanda ya yi tauri kamar roba, sitaci ya yi yawa ko ƙanƙara ta yi kaɗan. Mai tsatsafo da ruwa, ba a matse da kyau ba. Mai duhu, jini ya rage a wanki. A zagaye na gaba a sauya abu ɗaya tak, a rubuta ma'aunin a littafi; in aka sauya uku a tare ba za a san wanda ya gyara ba.

10. Ajiya, da abin da ba ya shiga abinci

Dafaffen curi yana kwana 3 zuwa 4 a firjin da bai wuce digiri 4 ba, a firiza kuma wata 1 zuwa 2. Akwai fotasiyam sobet, E202, da ake narka giram 1 a ruwa a zuba wa kilo ɗaya lokacin kirɓi. Yana hana fumfuna, amma ya fi ƙarfi a abinci mai tsami, ƙullun kifi kuwa ba shi da tsami, don haka kwanaki kaɗan yake ƙarawa kuma ba ya maye gurbin firji. Kada a rufe curi a ledar da aka zuƙe wa iska a ajiye a kan kanta. Akwai ƙwayar cuta mai mugun dafi da ke girma inda babu iska, ba tare da wari ya nuna ba.

Boraks yana sa danƙo, fomalin yana hana ruɓa, kuma duka biyun guba ne. Haka fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari da wasu ke fesa wa kifi don ƙuda. Wanda ya ce a sa ɗaya daga cikinsu, ko kaɗan ne, kada a saurare shi. Maganin ƙuda rufi ne da sanyi. In ana son launi, a sa na abinci mai lambar rajista, ko ɗan garin tattasai.

Mai niyyar sawa a leda da suna ya kai kantuna sai ya yi rajista da NAFDAC, ya rubuta duk abin da ke ciki a jikin ledar, har da ƙwai, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa.

Kai da ƙashin baya kada su zauna a roba ana jiran a gama aiki. A zuba su cikin ƙanƙara tun lokacin gyara, a dafa romo da su a ranar, ko a banda su. Ruwan wankin kuma a zuba shi a rami a rufe da ƙasa, domin in ya kwanta a kwata da zafin bazara, kafin azahar maƙwabta sun ji shi.